Ƙafar Rifkatu a Kan Tuluna

Bitrus da Hannatu, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, yau zan sauke ta, domin na gaji da jin ana cewa uwarku ba ta iya kaɗa tulu ba. Ku ma kun faɗa. Kai Bitrus ka taɓa gaya wa matarka a gabana, da Turancinka na Manchester da kake zaton ba na kamawa idan ka yi sauri, wai kiɗan da ke cikin faifanmu kamar ana dukan katifa ne. Na ji ka sarai, na ƙara maka shinkafa. Ban musa ba, kamar dukan katifa yake. Amma akwai dalili, kuma dalilin nan ya sa na yi wa mutumin kirki ƙarya, ƙaryar ta shiga littafi, daga littafi ta shiga coci. Wadda na yi abin dominta ta ba ni izini in faɗa, don haka ku nemi wuri ku zauna ku karanta.

Ni da Rifkatu, wadda kuke kira Anti Rifkatu, ba mu haɗa jini ba. Ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Zazzau, rijiya ɗaya muka ja, aure ya raba mu. Ni na biyo babanku da ya zo karatu ya zarce da zama, ita ma nata mijin ya kawo ta, ba wadda ta san 'yar'uwarta tana ƙasar nan. A kasuwar Gorton, nan Manchester, na tsince ta. Ina tsaye ina zaɓen albasa sai na ji wata mata a bayana tana juya doya tana yi mata faɗa da Hausa, tana tambayarta ko jirgi ne ya tsotse ta haka. Ban juya ba na san ko wace ce, don muryar nan babu irinta biyu. Daga ranar muka koma abin da muka saba tun muna 'yan mata a zumuntar mata ta coci: ita ta ba da waƙa, ni in kaɗa tulu in yi amshi.

Rifkatu ba ta rubuta waƙa, ba ta kuma ɗauko ta wani. Abin da ya same ta a mako shi take kai wa Ubangiji ranar Lahadi. Tana da waƙar tashar bas, inda take cewa ta tsaya cikin ruwan sama bas bai zo ba amma Ubangiji ya tsaya da ita, ni kuma in amsa da “ya tsaya da ni”. Tana da ta wanki da ya ƙi bushewa kwana uku, tana da ta takardar council, hukumar gari, da ta kasa karantawa. Mata sukan yi dariya a baiti na farko, kafin na uku suna share ido da bakin zane. Sai dai tana da wata ɗabi'a da za ku riƙe, don ita ce tushen labarin nan: ba ta waƙa da ido buɗe. Idan ta buɗe ido kalmomin sai su gudu. Haka take tun tana yarinya, ta rufe ido, ta ɗaga haɓa, ta bar mini sauran duniya in kula da ita.

Ni kuwa tuluna shi ne abin alfaharina, ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba. Gwaggona ce ta gina shi, na kawo shi ƙasar nan a cinyata cikin jirgi, naɗe da zannuwa huɗu. Tulun kiɗa yana da doka ɗaya: a kan gammo yake zama, kuma babu abin da zai taɓa jikinsa. Ka bugi bakinsa da soso, ka mari cikinsa da tafin hannu, ka janye. Ko gefen zane ya jingina da shi, muryarsa ta ragu. Idan na buga shi yadda ya kamata a ɗakinmu na Gorton, gilashin taga yakan yi rawa, maƙwabcinmu Bature ya ƙwanƙwasa bango. Mutanen cocinmu na Moss Side suka sa mana suna Tulu da Murya. Ku lura da wanda aka fara ambata.

Ɗaukarmu ta farko a kaset ce. Babanku ya ajiye rediyonsa a kan kujera a zauren coci, muka yi waƙa tara, har da tarin wani dattijo da kukan Hannatu a ciki. Na ɓoye kaset ɗin a cikin akwatin zannuwana. Bayan wata biyu na ɗauko shi in sa wa baƙi, sai muka ji wani Bature yana ihu an ci ƙwallo.

“Baban Bitrus, mene ne wannan?”

“Ai ba ki rubuta komai a jikinsa ba,” in ji shi. “Kuma wasan ƙarshe ne, Saratu. Ku kuna nan, kullum za ku iya sakewa.”

Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma sati guda ya ci tuwo ba man shanu. Ɗauka ta biyu kai ka yi ta, Bitrus, da waya a wurin wani biki, kuma abin da ya fito shi ne silin da babban yatsanka. Don haka shekaru suka wuce muna yawo daga Manchester zuwa duk inda aka gayyace mu, suna da biki da jana'iza, ba mu da ko waƙa ɗaya a ajiye.

A cikin shekarun nan ne Rifkatu ta tsiro da wata mummunar ɗabi'a. Muna cikin waƙa sai in ga babban yatsan ƙafarta ya lallaɓo ya dafa gindin tuluna. In ture, ya dawo. In harare ta, idonta a rufe. Bayan sujada in ce mata, “Maman Ladi, ki riƙa ɗauke ƙafarki daga tuluna,” ta yi murmushi ta ce, “Amin.” Komai aka ce mata a lokacin, amin. Na ɗauka tsufa ne ya zo mata da tsarki. Da mijinta ya rasu, 'yarta Ladi ta ɗauke ta zuwa flat ɗinta a Sparkbrook, can Birmingham. Idan ta kira ni a waya sai ta zuba magana minti goma ba numfashi, ta sa mini albarka, ta kashe kafin in buɗe baki. Na ce a raina, to, Birmingham ta sa wa Rifkatu girman kai. Na yi fushi, na kuma ji daɗin fushin, don ina ganin ni ce mai gaskiya.

Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce ta biyu da komawarta. A saman su Ladi akwai wani Bakano, Malam Nasiru, magidanci mai 'ya'ya huɗu, malamin jami'a ne daga gida da aka turo ƙarin karatu, kuma bincikensa a kan waƙoƙin mata ne. Musulmi ne mai riƙo, amma kunnensa bai san bambanci ba idan ya ji murya. Ta ƙasan ɗakinsa ya riƙa jin Rifkatu tana waƙa tana wanke-wanke, har ya sauko ya yi sallama. Shi ya kira ni da kansa.

“Mama, na ji an ce ke ce rabin waƙar. Akwai situdiyo a uni, na yi booking ranar Alhamis. Don Allah ki zo da tulun. Irin wannan abu bai kamata ya ɓace ba.”

Wanda ya ce ke ce rabin waƙar ya gama da ke. Na naɗe tulun da bargo, na shiga doguwar mota zuwa Birmingham da shi a cinya. Da na sauka, ga jaka ga lema ga tulu, hannu biyu kawai Allah ya ba ni, sai na yi abin da kowace mace daga garinmu za ta yi, na goya shi da zane. A cikin bas ɗin Stratford Road mutum uku suka tashi suka ba ni kujera. Wata tsohuwa 'yar Pakistan ta shafa bargon tana murmushi, ta ce yaron yana da haƙuri. Na ce mata sosai, da babansa ya yi kama.

Situdiyon ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani, bango duk soso, babu taga. Malam Nasiru ya ce tulun yana da ƙarfi, zai haɗiye murya, don haka ni in zauna a ɗaki ɗaya, Rifkatu a ɗaya, kowa da abin ji a kunne, ta nan za ta riƙa jin kiɗana. Na ji daɗin maganar ƙarfin tulun har na manta ban dubi fuskar Rifkatu ba. Aka fara. Na buga, tulun ya amsa yadda bai taɓa amsawa ba, har Malam Nasiru ya ɗaga mini babban yatsa. Rifkatu ta rufe ido ta ɗauki waƙar tashar bas, murya garau, amma ita tana gabas ni ina yamma. Na bi ta, ta tsere. Na jira ta, ta tsaya a inda ba a tsayawa. Amshina ya riƙa faɗowa a tsakiyar maganarta kamar mai katse babba. Malam Nasiru ya tsayar, ya yi mata magana ta cikin na'ura.

“Mama, ki ɗan saurari tulun kafin ki shiga. Mu sake take ɗin.”

“Amin,” in ji Rifkatu.

Sau goma sha wani abu muka sake. Bawan Allah ya ƙara mata sauti har ni daga ɗakina ina jin tuluna yana fita daga kunnenta. Da la'asar ta yi ya ce zai je ya yi salla, mu kuma mu je mu huta, wataƙila gajiya ce. Yana faɗa yana kallon ƙasa, irin kunyar da mutum yake ji a madadin manya.

Muka sauka daga bas muka kama hanyar gida a ƙafa, ita a gaba, ni a baya da goyona. Nan na buɗe baki. Na ce mata ta kunyata ni a gaban ɗan mutane. Na ce tun da ta zo Birmingham take ganin ta fi ƙarfin tuluna. Na tono maganar wayar da take kashewa, na tono ta babbar tukunyata da ta ara ranar sunan Hannatu ta dawo da ita ba murfi, na tono har wata magana ta tun muna 'yan mata da na rantse na yafe. Muna wuce shagunan atamfa da na nama, masu fitowa daga masallaci suna juyowa suna kallon tsohuwa da goyo tana zazzaga masifa. Na yi wajen minti goma ina yi, ko waiwayowa ba ta yi ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Da muka iso ƙofar gida ta juyo tana neman makulli a jaka, ta dube ni da tausayi.

“Maman Bitrus, tun da muka sauka kin yi shiru. Ko goyon ne ya gajiyar da ke?”

Na tsaya da baki buɗe. Amin ɗin nan, da wayar, da yatsan ƙafar, duk suka zo mini lokaci guda. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, tsoro kuma ya biyo bayanta.

Ladi tana wurin aiki. Na zaunar da Rifkatu a kicin, na kama fuskarta da hannu biyu yadda za ta ga bakina, na ce, “Rifkatu, ba kya ji.” Ba ta yi musu ba. Ta ce ya kai shekara biyar jinta yana raguwa, kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Bakin mutane take karantawa, inda ta kasa ta ce amin. Muryarta tana jin ta a cikin ƙirjinta, amma tulun sai ta taɓa shi take sanin inda nake. A da yatsa ɗaya ya ishe ta, yanzu ba ta tsammanin zai isa. Na ce mu gaya wa Ladi ta kai ta wurin GP, likitan unguwa. Ta riƙe hannuna da ƙarfi.

“Saratu, kin san abin da zumunta take yi wa wadda ta daina ji. Za su saya mini leshi, su zaunar da ni a kujerar gaba, su ba wata yarinya waƙa. Idan na tashi zan yi, su tafa mini don tausayi. Kuma likita zai maƙala mini abu a kunne kowa ya gani. Ki bar ni in yi wannan ɗaya a matsayin mai waƙa. Ki rufa mini asiri.”

Rabon da ta kira ni Saratu tun kafin a haife ku. Na dubi tuluna a kan gammonsa a gefen firij. Na san abin da take roƙo, ita ba ta san girmansa ba, don ba ta jin abin da ƙafa take yi wa tulu. Zan so in ce muku nan take na amince, amma sai da na sha shayi kofi biyu. Sau ɗaya a rayuwa za a ɗauke ni da na'urar kirki, kuma a ranar ce za a toshe wa tuluna baki. Na yi ta neman wata hanya. Ta buɗe ido ta kalli hannuna, waƙar ta gudu. Na riƙa taka mata ƙafa, na rikice ni ma. Ranar Juma'a, Malam Nasiru yana masallaci, muka wuni muna gwaji, har muka gano abin da yake aiki: a cire gammo, a ajiye tulun a kan katakon ƙasa, ta zauna a gabana ta tokare cikinsa da tafin ƙafa biyu. Da muka yi haka ta shiga waƙar daidai kan bugu, kamar muna da shekara ashirin. Tulun kuwa ya ce fuf.

Na hau sama na gaya wa Malam Nasiru cewa situdiyo bai karɓe mu ba, ya kawo kayansa kicin ranar Asabar. Ya zo ya jera makirufo a kan tebur da kan injin wanki. Da ya ga Rifkatu ta cire safa ta rungume tulun da ƙafafu, ya cire abin kunnensa.

“Mama, ai ƙafar tana kashe sound ɗin gaba ɗaya. Shekaranjiya tulun nan kamar aradu. Ko za ta ɗan janye?”

Rifkatu tana kallon bakina. Ni kuma, mace mai aure, shugabar masu dafa abinci a coci, na dubi ɗan mutane ido cikin ido.

“Haka ake yi a garinmu. Al'ada ce.”

Da na san irin mutumin da nake gaya wa, da na nemi wata ƙaryar. Idonsa ya yi haske, ya zaro ɗan littafi daga aljihu.

“Ikon Allah. Ban taɓa cin karo da wannan ba. Yana da suna?”

“Kiɗan tokare,” na ce, don shi ya fara zuwa bakina.

“Me yake nufi a wurinku?”

“Yana nuna mai waƙa da mai kiɗa ƙasa ɗaya suke takawa.”

“Masha Allah,” in ji shi, yana rubutu da sauri. Ya tambaye ni ko maza ma suna yi, na ce a'a, haramun ne. Ya tambayi ko akwai lokacin da ake yi, na ce bayan girbi. Ƙarya idan ta samu mai rubuta ta, haihuwa take yi. Har hoto ya ɗauki ƙafafun. Rifkatu ta ga yana murmushi ta ce amin.

Waƙa goma sha biyu muka yi a ranar, da hutun azahar da na tuwon da muka tuƙa masa. Ban taɓa jin Rifkatu ta yi waƙa kamar ranar ba, kuma ba ta sake ba. A ta ƙarshe, wadda ta yi wa mijinta, Malam Nasiru ya juya mana baya yana gyaran wata waya da ba ta lalace ba. Ni ina bugun katifata ina amshi, hawaye yana zuba, rabi don waƙar, rabi don tuluna. Washegari Lahadi aka ba da jibin Ubangiji a cocin su Ladi, na karɓa ina roƙon gafarar ƙaryar da na yi.

Malam Nasiru ya yi iya ƙoƙarinsa a kwamfuta ya farfaɗo da tulun, bai tashi ba. Aka buga faifan, kwali biyu, da hotonmu a jiki cikin anko. Ranar da aka sa shi a zauren Moss Side mata suka yi ta kuka da muryar Rifkatu. Wani mutumin Jos da bai san ni ba ya matso kusa da ni ya ce, “Baiwar Allah nan tana da murya, amma a nema mata mai kiɗa.” Babanku ya yi ta bin mutane yana cewa laifin injin ne, ba wanda ya tambaye shi. Sannu a hankali suna ya juya ya zama Murya da Tulu, daga baya a gida Najeriya, inda faifan ya fi yawo a motocin haya, aka koma cewa Mama Rifkatu da wata. Da aka tashi koya wa 'yan matan coci tulu, wata aka ɗauko daga Leeds, ina zaune. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Akwai ranakun da na ɗauki waya zan kira matar fasto in fasa ƙwai, sai in tuna fuskar Rifkatu a kicin in ajiye. Kuma duk inda aka gayyace mu bayan nan, da ƙafafunta a kan tuluna muka yi, don mai al'ada ba ta fasa al'adarta.

Malam Nasiru ya gama karatu ya koma gida ya zama dakta, ya aiko mini da littafinsa. Hannatu, ke kika karanta mini shafin, kina cewa ashe garinmu yana da tarihi. Shafi huɗu ya ba kiɗan tokare, har da hoton ƙafafun Rifkatu. Bayan wasu shekaru na je taron zumunta a Birmingham, na tarar da 'yan mata shida haifaffun nan sun cire takalma, kowace ta tokare tulun 'yar'uwarta, ana ta fuf fuf. Na matsa na ce wa ɗaya ta janye ƙafarta ta ji yadda tulu yake magana. Ta dube ni da ladabi.

“Mama, ai tradition ne. Yana cikin littafi.”

Na koma kujerata na zauna. A bara na kira Malam Nasiru na faɗa masa gaskiya. Sai na ji dariya ta ƙwace masa. Ya ce ɗalibansa biyu sun je ƙauyenmu neman kiɗan tokare, tsofaffi suka ce ba su sani ba, ɗaliban suka rubuta cewa al'adar tana gab da ɓacewa. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, amma shafi huɗun nan sai dai mu raba kunyarsu.

Abin da ya sa na iya kiransa shi ne asirin ya riga ya tonu da kansa. Ƙararrawar gobara ta yi ta ihu a flat saboda man da ya ƙone, maƙwabta suka fito, Ladi ta shigo ta tarar da uwarta zaune tana tsince shinkafa hankali kwance. Ba shawara ta ja ta zuwa GP, daga nan asibiti, aka ba ta abin ji guda biyu ƙanana kamar wake. Da ta ɗaura ɗankwali ko alamarsu babu. Shekara goma sha wani abu tana gudun abin da ɗankwali yake rufewa, ni kuma ina dukan katifa. Da na faɗa mata haka ta ce ai ni ma ban kawo wannan shawarar ba.

Na goya tuluna na je duba ta. Muna zaune a kicin ɗin nan dai, Ladi ta ce bari ta sa wa mamanta faifan, tunda ba ta taɓa jin sa da kunne ba. Rifkatu ta rufe ido. Waƙar tashar bas ta fara. Na ga ta ɗan gyaɗa kai da ta ji muryarta, sai kuma goshinta ya tattare. Ta buɗe ido.

“Wa ya kaɗa tulun nan?”

“Ni.”

“Haka mutane suke ji duk shekarun nan?”

“Haka.”

“Ya yi muni, Saratu.”

“Na sani.”

“Kuma kika yi shiru.”

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta kama hannuna na dama, wanda nake bugu da shi, ta riƙe a ƙirjinta. Ni ma na yi kukan, kuma a nan zafin da na ɗauka shekaru ya sauka. Da ta share fuska ta ce in rubuta wa 'ya'yana, in rubuta da sunanta, kada in rage komai. Sai ta ce in kwance goyon.

Na ɗora tulun a kan gammonsa. Ladi ta jingina wayarta da kwalbar man gyaɗa ta danna, ita ce ɗaukarmu ta huɗu, tana wurinta, ku tambaye ta ta turo muku. Muryar Rifkatu ta tsufa, nawa hannun ma ya yi nauyi, amma za ku ji gilashin tagar Ladi yana rawa, ku san ko wace ce uwarku. Kafin waƙar ta fara akwai 'yar magana da na hana Ladi ta yanke. Rifkatu ta rufe ido, ta ɗaga haɓa, sai na ga babban yatsan nan ya fito daga ƙarƙashin zane yana lallaɓowa. Na kai masa duka da soso.

“Maman Ladi, ɗauke ƙafarki daga tuluna.”

“Na ji ki,” ta ce. “Ba sai kin ɗaga murya ba.”